Daga Filin Kokawar Gobir Zuwa Olamfik: Abin Da Ke Hana Najeriya Cin Gasar Duniya

A watan Agustan 2024 tawagar Najeriya ta dawo daga gasar Olamfik ta birnin Paris hannu Rabbana. 'Yan wasa 88 ƙasar ta tura, babu ko ɗaya da ya hau dandamalin karɓar lambar yabo. A wannan gasa ce Julien Alfred ta tsibirin Sent Lushiya ta ci zinare a tseren mita 100 na mata, alhali jama'ar ƙasarta gaba ɗaya ba su kai na Ƙaramar Hukumar Sabon Birni da ke Jihar Sakkwato ba, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da 200,000.

Wannan kwatanci ya isa ya nuna cewa yawan jama'a shi kaɗai ba ya kawo nasara a wasanni. Abin da ke kawo ta shi ne hanyar da aka shimfiɗa wa yaro mai baiwa tun daga ƙauyensu har zuwa tawagar ƙasa. Ƙasar Gobir ta gabashin Sakkwato, wato Sabon Birni da Isa da kewayensu, wuri ne da za a iya ganin inda wannan hanya ta yanke.

Tarihin a taƙaice

Najeriya ta fara halartar Olamfik a 1952 a Helsinki. Lambar yabo ta farko ta zo a 1964 a Tokyo, inda Nojim Maiyegun ya ci tagulla a damben zamani. Shekarar da ta fi kowace albarka ita ce 1996 a Atlanta ta Amurka: Chioma Ajunwa ta ci zinare a dogon tsalle, 'yan ƙwallon ƙafa kuma suka doke Brazil da ci 4-3, sannan Ajantina da ci 3-2, suka ɗauki zinare. Zinare na uku, na tseren miƙa sanda na maza a Sydney a 2000, sai bayan shekaru aka ba Najeriya shi, da aka ƙwace na Amurka saboda amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Tun daga nan ba a sake samun zinare ba. A Landan a 2012 ba a samu komai ba, a Rio a 2016 tagulla ɗaya, a Tokyo a 2021 azurfa ɗaya da tagulla ɗaya.

Labarin ƙwallon ƙafa ma haka yake. Super Eagles ta ci Kofin Afirka a 1980 da 1994 da 2013, kuma a watan Afrilun 1994 ta kai matsayi na biyar a jadawalin FIFA. Amma a zuwanta shida Gasar Cin Kofin Duniya ba ta taɓa wuce zagaye na biyu ba. Ghana ta hana ta zuwa Qatar a 2022, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo kuma ta fitar da ita daga neman gurbin gasar 2026 a bugun fenareti a birnin Rabat, a watan Nuwamban 2025.

Baiwa tana nan, hanya ce babu

Gobirawa mutanen ƙarfi ne da jarumta tun zamanin Bawa Jan Gwarzo, kuma kufan Alƙalawa, babban birninsu da ya faɗi a 1808, yana nan cikin ƙasar Sabon Birni. A al'adar yankin, kamar sauran ƙasar Hausa, idan kaka ta yi aka shigar da gero rumbu, samari kan fita dandali a yi kokawa da dambe da langa, makaɗa suna zuga su, ƙauye na karawa da ƙauye. Yaron da ya tashi yana noma da hauya, yana tafiyar ƙasa mai nisa, yana kokawa tun yana ɗan shekara goma, ya riga ya mallaki abin da masu horarwa ke nema, wato ƙarfi da juriya da rashin tsoro.

Tambayar ita ce ina zai nufa daga nan. Babban filin wasa na jihar, Giginya, yana cikin birnin Sakkwato, haka ma ƙungiyar Sokoto United da ofisoshin wasanni. Kokawar Olamfik tana da tabarmarta da dokokinta da rukunin nauyinta, kuma tun yaro yana ƙarami ake koya masa su, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwanin da ba a gano shi ba har ya kai shekara ashirin, galibi ƙarshensa ci-rani ne a Legas ko Fatakwal, ko haya da babur.

Cewa jihar na iya fitar da gwanaye, babu musu. Shehu Abdullahi, haifaffen Sakkwato, yana cikin waɗanda suka ci tagulla a Rio, ya kuma buga Kofin Duniya na 2018 a Rasha. Sai dai shi ɗan birni ne, kuma sai da ya bi ta manyan ƙungiyoyi irin su Kano Pillars kafin duniya ta san shi.

Darasi daga Bayelsa da Maraɗi

Jihar Bayelsa ta nuna cewa ana iya gina gada tsakanin wasan gargajiya da na zamani. Ƙabilar Ijaw na da kokawar gargajiya kamar yadda Hausawa suke da ita. Daniel Igali, ɗan jihar, ya ci wa Kanada zinare a kokawa a Sydney a 2000, daga baya ya dawo gida ya shugabanci hukumar kokawa ta Najeriya, aka riƙa ɗauko yara daga ƙauyuka ana horar da su a Yenagoa. Azurfar da Blessing Oborududu ta ci a Tokyo, lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu a kokawa, daga wannan shuka ta fito.

Misali na biyu yana tsallaken iyaka, inda 'yan'uwan Gobirawan Sabon Birni suke zaune a Tsibiri da Maraɗi. Tun 1975 Jamhuriyar Nijar ta mayar da kokawa gasar ƙasa, wadda aka fara a Tawa, kuma Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobi. Ana tace 'yan kokawa daga ƙananan garuruwa har zuwa matakin jiha, jihohi na karɓar baƙuncin gasar bi da bi, rediyo da talabijin na watsa ta kai tsaye. Nijar ba ta kai ga mayar da wannan gata lambar Olamfik ba, amma ɗan kokawar karkarar Maraɗi ya san tsanin da zai taka har ya kai ga takobi. Takwaransa na Isa bai da irin wannan tsani, duk da cewa kokawa da dambe da langa suna cikin Bikin Wasannin Ƙasa da Najeriya ta fara a 1973.

Makaranta, abinci da tsaro

A ko'ina a duniya makaranta ce gonar 'yan wasa. Jamaika, mai mutum ƙasa da miliyan uku, tana gudanar da gasar tseren makarantun sakandare tun 1910, kuma a can Usain Bolt ya fara fice. Najeriya ma ta taɓa samun irin wannan tsari: Stephen Keshi da Henry Nwosu daga gasar makarantun Legas suka fito, a Kano kuma akwai Kofin Ramat na matasa. Amma a mafi yawan makarantun gwamnati wasannin gida-gida sun zama bikin yini ɗaya, filaye da dama kuma an yanka su an yi gini.

A gabashin Sakkwato matsalar ta wuce nan. A watan Disamban 2020, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Jihar Katsina, gwamnatin Sakkwato ta rufe makarantun kwana 16, har da na Isa da Sabon Birni. A watan Mayun wannan shekarar 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, dubbai kuma suka yi gudun hijira zuwa Jihar Maraɗi. A ƙarshen watan Yulin 2024, daidai lokacin da ake buɗe gasar Paris, aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, kuma a hannun maharan ya rasu cikin watan Agusta. Hanyar da basarake bai tsira a kanta ba, babu mai farautar 'yan wasa da zai biyo ta, kuma ƙauyen da ake kwana da ido ɗaya ba ya taron kokawa da dare.

Sai batun ciki. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, kuma Sakkwato ce kan gaba, da kusan mutum tara cikin goma. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, abin kuma ya fi muni a Arewa maso Yamma. Tsawo da ƙarfin ƙashin da aka rasa a shekarun farko, horo ba ya dawo da su.

Maguɗin shekaru

Najeriya ta ci Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, fiye da kowace ƙasa. Amma wannan nasara ba ta taɓa kaiwa ga babbar tawaga ba. Ɗaya daga cikin dalilan da aka daɗe ana ambato shi ne rage shekaru. A 1989 FIFA ta dakatar da ƙasar daga gasannin matasa na tsawon shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa. A 2016 kuma 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin ƙashi na tantance shekaru, sannan Nijar ta fitar da sauran daga neman gurbin Kofin Afirka. Duk ƙaton da ya shige cikin yara, gurbin wani yaro na gaskiya ya cinye. Ƙarancin rajistar haihuwa, musamman a karkara, shi ke buɗe wannan ƙofa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shugabanci da kuɗi

Ko waɗanda suka kai ƙololuwa ba su tsira daga sakacin hukumomi ba. A 2016 tawagar ƙwallon Olamfik ta maƙale a Atlanta saboda rikicin kuɗin jirgi, ta sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasanta da Japan. A Tokyo an hana 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle goma shiga gasa domin ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyin da doka ta tanada ba. A Paris ba a shigar da sunan Favour Ofili a tseren mita 100 ba duk da ta cancanta, mai tseren keke Ese Ukpeseraye kuma sai da ta ari keke daga tawagar Jamus.

Rikicin alawus ya zama ruwan dare. Super Eagles ta ƙaurace wa atisaye a Brazil a 2014 kafin wasanta da Faransa, ta sake yin haka a Rabat a 2025. Super Falcons, wadda ta ci Kofin Afirka na mata sau goma, ta yi zaman dirshan a otal a Abuja a 2016 kan haƙƙoƙinta. Kuɗin gwamnati kan fito ne gab da gasa, ya tafi a tikitin jirgi da masauki, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Filaye ma sun lalace: babban filin Surulere da ya karɓi Wasannin Afirka a 1973 ya daɗe a yashe, kuma a Uyo kaɗai aka buga wasannin gida na neman gurbin Kofin Duniya na 2026.

Sakamakon haka shi ne hijirar gwanaye. Francis Obikwelu ya ci wa Fotugal azurfa a 2004. A Paris, Salwa Eid Naser, haifaffiyar Najeriya, ta ci wa Bahrain azurfa a mita 400. Annette Echikunwoke, ɗaya daga cikin goman da aka hana gasa a Tokyo, ta koma Amurka ta ci mata azurfa a jifan guduma.

Inda gyara zai fara

Ƙasashen da suka farfaɗo sun yi ne da shiri na dogon lokaci. Birtaniya ta ci zinare ɗaya tak a 1996, ta ware wa wasanni kuɗi na dindindin, a 2016 ta zo ta biyu a duniya. Maroko ta gina Makarantar Ƙwallo ta Sarki Muhammad na Shida, a 2022 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya.

A watan Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta soke Ma'aikatar Wasanni ta miƙa aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ƙarƙashin Malam Shehu Dikko. Sauyin suna a Abuja zai yi tasiri ne gwargwadon yadda ya sauko ƙananan hukumomi 774. A wuri irin Isa da Sabon Birni, abubuwan da ake buƙata sanannu ne: tsaro da zai bar makarantu a buɗe, malamin motsa jiki da fili a kowace sakandare, rajistar haihuwa, da gasar kokawa da tsere ta shekara-shekara da za ta tashi daga gunduma zuwa Giginya, tare da masu horarwa da za su zaɓi waɗanda suka yi fice. Ɗan wasan da zai tsaya wa Najeriya a Olamfik ta Brisbane a 2032 yanzu yana tsakanin shekara goma sha biyu zuwa goma sha takwas, kuma a yanzu ne za a same shi ko a rasa shi.