Shan-inna, Galahanga da Na'urar da Ba Ta da Suna

A Birnin Zariya, daga Kwarbai har Ƙofar Gayan, in yaro ya shekara uku bai taka ba, sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne shan-inna. Tsohon suna ne, daga bori ya fito: Inna ce ake cewa ta shanye ƙafar. Ma'aikatan lafiya suka ari kalmar suka laƙaba wa foliyo, cutar da aka tabbatar a 2020 cewa asalin ƙwayarta ta daina yaɗuwa a Najeriya. Iyaye dai ba su bar kiran sunan ba, domin har gobe akwai yaran da ba sa tafiya.

Duk wadda ta yi renon irin yaran nan ta san ciwon biyu ne. Ƙafar mai foliyo saki take yi, ta motse, tana lilo. Ɗayar kuwa sandarewa take: ƙafafu a harɗe, hannu a dunƙule, sai uwa ta yi da gaske kafin ta sa wa ɗanta wando ko ta goya shi. Tushen wannan rauni ne a ƙwaƙwalwa, irin wanda doguwar naƙuda, shawarar jarirai ko sanƙarau kan bari. Tun 1861 likita William Little na Landan ya danganta shi da wahalar haihuwa. Wasu kan ce galahanga, kuma sunan nan yana damuna ƙwarai. An cusa larurori dabam-dabam a cikinsa, sannan mai ji yakan ɗauka yaron ba shi da hankali, alhali da yawansu kansu garau yake, jiki ne ya ƙi bin umarni. Ni na fi son a ce sandarewar gaɓɓai, don ita ce abin da ido ke gani, ita ce kuma abin da magani ke iya sassautawa.

Maganin shi ne baklofen. Heinrich Keberle ya haɗa shi a Suwizalan a 1962 da niyyar maganin farfaɗiya. Bai yi abin kirki a can ba, sai aka ga yana sakin jijiya. Matsalar ƙwayar, kaɗan ne daga cikinta ke isa laka, in an ƙara kuma yaro ya yini yana gyangyaɗi. A 1984 Richard Penn da Jeffrey Kroin a Chikago suka nuna ana iya kai shi kai tsaye cikin ruwan da ke kewaye da laka. Amurka ta amince da hakan ga masu raunin ƙwaƙwalwa a 1996. Ana binne na'ura mai faɗin tafin hannu a ƙarƙashin fatar ciki, a ja siririn bututu zuwa ƙashin baya, tana ɗiga abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake haɗiya ba.

To, me za mu kira ta? In aka ce famfo, Bahaushe ya san ruwa kan ɗauke a jira ya dawo, wannan kuwa ba ta jure yankewa. Maganin ya ƙare ko bututu ya toshe, sai ƙaiƙayi, zazzaɓi mai zafi, sandarewar da ta fi ta da. Ana iya rasa rai. Duk 'yan watanni sai an sake cika ta da allura ta cikin fata, batirinta kuma yawanci ba ya wuce shekara 7, daga nan sai wata tiyatar. In aka ce allurar baya, mata za su tuna wadda ake yi kafin a ciro jariri, ta sau ɗaya. Sunan na'urar ɗigon laka ya fi kusa, domin ɗigo yana nuna abu ne mai ci gaba.

Na'urar ba ta gyara ƙwaƙwalwa, ba ta da amfani ga ƙafar da ta saki, kuma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Abin da ya fi kusa da mai ɗa a Banzazzau ko Unguwar Juma shi ne ƙwaya da gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Shika. Can ɗin ma, tambayar farko da za a yi wa uwa ita ce ko ƙafar saki take yi ko sandarewa.