Wa Ya Ƙirga Kifin Ajiwa?

Idan muka buɗe famfo a GRA, da wuya mu tuna da madatsar Ajiwa ta Batagarawa, wadda aka ƙaddamar a 1975 don shayar da birnin Katsina, balle kifin da ke cikinta.

Madatsa tana tare ruwa, tana kuma tare kifin da ke haurawa ya zuba ƙwai da damina. Bayan gina Tiga a 1974 da Bakolori a 1978, ambaliyar da ke cika fadamun Hadeja da Sakkwato ta ragu, kamun masunta ma ya ragu.

A Amurka, da aka buɗe madatsar Bonneville a kogin Kolambiya a 1938, an yi wa kifin salmon matakala, aka zaunar da ma'aikata suna ƙirga shi ɗaya-ɗaya. A shekarun 1980 aka fara cusa wa ƙananan kifaye wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa, ba ta buƙatar batir. Kifi na giftawa ta gaban na'urar karantawa a madatsa, lambarsa da lokacin wucewarsa su shiga kwamfuta. Da haka ake sanin nawa suka tafi teku, nawa suka dawo.

Mu kuwa, babban kundinmu yana kawunan tsofaffin masunta. Mu ɗauki biro da takarda mu je Ajiwa ko Zobe, mu tambaye su: tsakanin tarwaɗa, karfasa da ragon ruwa, wanne ya yi ƙaranci, kuma tun wace shekara? Duk dattijon da ya rasu ba mu tambaye shi ba, ya tafi da lissafinsa.