Gani Odutokun, Malamin da Ya Zauna a Zariya

Ban tarar da shi ba. Lokacin da na shiga Sashen Zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Gani Odutokun ya yi 'yan shekaru da rasuwa. Amma ba ka kwana uku a situdiyon fenti ba ka ji sunansa ba. Malaman da suka koyar da mu, yawancinsu ɗalibansa ne ko abokan aikinsa, kuma ba wanda ke haɗawa da sunan mahaifinsa. Gani kawai suke cewa, kamar yanzu ya fita shan shayi zai dawo.

Idan aka tashi ba da tarihin zane a Zariya, kusan kullum da 'yan tawaye ake farawa, da su kuma ake rufewa. Labarin sananne ne. A 1955 aka taso da sashen daga Ibadan aka kawo shi Zariya, lokacin makarantar tana Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya. Kusan duk malaman Turawan Ingila ne, in ban da Clara Etso Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ba a cika ambatonta yadda ya kamata ba. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya, su ne 'yan tawayen, suka ce ba za su haɗiye koyarwar Landan ɗanya ba. Za su ɗauki dabarar Bature su gauraya da abin da suka gada a gida.

Sun yi abin a yaba, babu ja. Sai dai suna gama karatu kowa ya kama gabansa. Grillo ya tafi Kwalejin Yaba a Legas, Onobrakpeya shi ma Legas, Nwoko ya yi Ibadan, Okeke daga baya ya je Nsukka ya gina tasa makarantar a kan zanen uli na Ibo. Sunan Zariya suka tafi da shi, garin kuma ya ci gaba da neman wanda zai zauna.

Gani ne ya zauna. An haife shi a 1946 a Nsawam ta ƙasar Gana, iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin Offa. Ya shigo jami'ar a 1972, ya kammala a 1975, ya dawo ya kama koyarwa, ya yi digiri na biyu a 1979, bai kuma bar wurin ba har ƙarshen ransa. Kusan shekara ashirin ke nan yana tsaye bayan ɗalibai yana duba abin da hannunsu ke yi. Mai zanen da ya yi suna ba ya rasa dalilin komawa Legas, inda masu saye suke. Koyarwa kuwa cin lokaci gare ta: ranar da za ka yi naka zanen, ita ce za ka ɓatar kana gyara wa ɗan aji biyu yadda ake riƙe burushi.

Abin da ya fi barin mana shi ne kwararar fenti. Ana tsinka fentin mai har ya yi ruwa-ruwa kamar koko, a shimfiɗa kanbas a ƙasa, a zuba, sannan a ɗaga gefe guda a karkata. Fentin sai ya bi hanyarsa, ja ya shiga shuɗi, wani wuri ya taru, wani ya tsage kamar ƙasar fadama da rani. Kai kuma kana tsugune kana kallo, kana lissafin inda za ka tare shi da inda za ka ƙyale. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce wasan yara ne. Ni ma haka na ce. Mu ɗalibai ba mu da kuɗin kanbas, akoko muke saya a kasuwar Samaru mu ɗaure a firam ɗin katako, mu shafe shi da farin fentin gida da gam. Maimakon tafentain, kananzir. Gwajina na farko na zuba kala huɗu a lokaci guda, cikin minti biyu suka haɗe suka zama ruwan kwata. Na biyun ya yi kyau, na bar shi kusa da taga ya kwana, ga hunturu, da safe na tarar ƙura ta yi masa bargo. Sai a lokacin na gane cewa rabin aikin sanin lokacin da za ka janye hannu ne.

Kada a ɗauka kwarara kaɗai ya iya. Hannunsa a zanen gawayi da fensir ba na wasa ba ne, kuma yana da abin faɗa. A 1990, mulkin Janar Babangida na tsakiyarsa, ya zana wani sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Bai rubuta sunan kowa ba, ba kuma wanda ya nemi a yi masa fassara. A 1991 ya yi wanda aka fi saninsa da shi a waje, hira da Mona Lisa: sassaƙen Afirka yana zana matar nan ta Leonardo, ita kuma tana sassaƙa shi. Tambayar da 'yan tawayen 1958 suka yi da zafi, ta wa ke koyi da wa, shi ya mayar da ita abin murmushi. Ya zana hawan daba ma. Sai dai a nan ina da ƙorafi da mu da muka biyo baya: mun mayar da doki da rawani abin sayarwa ga otal-otal, har mutum ya ɗauka Arewa ba ta da wani abin kallo sai ranar sallah.

Shi da su Jerry Buhari da Jacob Jari da Tonie Okpe suka kafa ƙungiyar The Eye, wato Ido, suka riƙa fitar da mujalla da wannan suna. A ƙasar da mai zane ke gama baje kolinsa ba wanda ya rubuta layi biyu a kai, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

A watan Fabrairun 1995 ya rasu a haɗarin mota tare da wasu abokan tafiyarsa, a hanyar dawowa daga wani baje koli a Legas. Bai cika hamsin ba. A ƙarshen shekarar aka rataye aikinsa a zauren Whitechapel na Landan cikin babban nunin zanen Afirka na zamani, a 2000 kuma aka shirya wani a zauren Brunei, a Landan ɗin dai, kan shi da waɗanda suka sha daga hannunsa.

Akwai wani abu da kwararar nan ta yi wa irinmu 'ya'yan Hausawa, wanda ban ga an rubuta ba. Zariya ta san ado tun kafin jami'a, ga masallacin Juma'a na Babban Gwani, ga zanen dagi a bangon gidajen cikin birni. Amma zanen mai rai magana ce mai nauyi a gidajenmu, shi ya sa da yawa daga cikinmu ke zamewa zuwa ɓangaren saƙa ko tukwane. Fentin da ke gudu bisa akoko ba shi da fuska ba shi da ido. Da shi na samu ƙofar shiga.

Kawuna ne ya fi kowa adawa da karatun. "Kai yanzu, ɗan nan, duk jami'ar nan fenti za ka ƙare da shi? Ai masu rubuta bayan mota a tasha ba su je ko'ina ba." Da na gama aji uku na kai masa ɗaya daga cikin zanukana, ruwan ƙasa da toka-toka da ɗan ja a ƙasa. Ya sa tabarau, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Ina mutumin yake?"

"Babu mutum, Kawu."

Ya daɗe yana kallo. "To, wannan ai hazo ne, irin na hanyar Funtuwa da asuba." Ya miƙa wa yaro ya ce a nemo ƙusa, a kafa shi a zaure, sama da inda yake jingina kekensa.