Leda baƙuwa ce a kasuwanninmu

Yau duk wanda ya shiga kasuwar Maradi ko ta Damagaram ya sayi gishiri na dala biyar, cikin leda za a ƙulle mashi. Yara suna tsammani haka duniya take tun farko. Ba haka ba ne. Akwai tsofaffi da yawa cikin garuruwanmu da suka girmi leda.

Can da, in mace za ta kasuwa sai ta ɗauki ƙwarya ta rufe da faifai. Namiji ya rataya jakar fata ko sanho. Hatsi cikin taiki ake zuba shi, a ɗora wa jaki. Goro kuwa cikin ganye yake zuwa daga kudu. Waɗannan kaya duka aikin hannun mutanenmu ne: dukawa suna ɗinka fata, masu saƙa suna yanke kabar goriba suna yin kwando da sanho, mata suna shuka duma a bayan gida. Ƙwarya in ta tsage ma ba a yar da ita, ɗinke ta ake yi. Ranar da ta ƙare sarai, gara ta cinye ta, ta koma ƙasa.

Ita leda daga ƙasashen Turai ta fito. A 1933 masana a Ingila suka gano irin robar da ake yin ta da ita. Daga man fetur da gas ake samun wannan roba. A 1965 wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Celloplast ya yi rajistar jakar leda mai hannu biyu, wadda injiniyansa Sten Gustaf Thulin ya ƙirƙiro. A 1982 manyan kantunan Amurka biyu, Safeway da Kroger, suka fara ba masu saye ita maimakon jakar takarda. Daga nan ta bazu ko'ina, har ta iso mana.

Mun karɓe ta hannu biyu, kuma da dalili. Ba ta da nauyi, ba ta da tsada, ba ta yoyo. Sai dai ba ta ruɓewa. Wadda aka yar bara tana nan bana. Iska ta kwashe ta, ta rataye bisa ƙaya, ta shiga gona.

Makiyaya su suka fi ganin ɓarnarta. Da bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, akuya da tunkiya suna jin ƙanshin abinci jikin leda, sai su haɗiye. Tumbi ba ya narkar da ita. Tana taruwa, tana dunƙulewa. Dabba ta daina cin abinci, ciki ya kumbura, jiki yana ramewa, mai ita yana ta ba ta magani a banza. Ku tambayi mahauta abin da suke tararwa in sun feɗe. Cikin gari kuma leda tana toshe hanyar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa.

Wannan toshewa ita ta sa ƙasar Bangaladash, can Asiya, ta hana siririyar leda a 2002, bayan manyan ambaliyoyi na 1988 da 1998. Ita ta fara a duniya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017. Mu ma a Nijar an kafa doka cikin watan Nuwamba na 2014, wadda ta hana yin wannan leda, da shigo da ita, da sayar da ita. Amma kowa ya ga kasuwa, leda tana nan.

A ganina dalilin a fili yake: mai saye yana zuwa hannu wofi, mai sayarwa kuwa dole ya ƙulle mashi kaya cikin wani abu. Wanda ya zo da kwandonsa, ko ƙwarya, ko kwano mai marfi don nama da mai, ba ya bukatar leda. Buhun shinkafa da ya ƙare ma tela yana iya yanke shi ya ɗinka jaka mai hannu. Irin wannan jaka ana wanke ta a shanya, ta kai mutum kasuwa mako bayan mako.