Wa Ke da Ikon Cewa "Kada Ka Bi Nan"?

A cikin taswirar intanet da ake kira OpenStreetMap akwai wani ɗan bayani da ido ba ya gani a fuskar waya, amma shi ke juya akalar mota. Abu uku yake haɗawa: titin da direba ya fito, mahaɗar da ya iso, da titin da aka hana shi shiga. Da zarar an rubuta shi, manhajar da ke yi wa direba jagora ba za ta ƙara ce masa ya sha kwana a wurin ba, ko da nan ne mafi kusa. Shekaru ke nan manyan kamfanoni suna biyan ma'aikata su zauna suna cusa irin wannan hani a taswirar da masu aikin sa-kai suka gina kyauta. Tambayar da hakan ya tayar tsohuwa ce a ƙasar Hausa: wa ke da ikon hana matafiyi bin hanya? Tarihin hanyar Birnin Gwari ya daɗe yana amsa ta.

Taswirar Sarkin Musulmi

A 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya isa Sakkwato da burin gano inda kogin Kwara yake ƙarewa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da karamci, har ya ba shi taswirar ƙasashen yankin, wadda aka buga a Landan bayan shekara biyu. Amma da baƙon ya nemi izinin bi ta Yawuri zuwa bakin kogin, sai aka ce masa hanyar ba lafiya, ya haƙura ya koma ta Borno. Ya samu zanen hanya, hukuncin bin ta kuwa ya zauna a hannun masu ƙasa.

Da ya sake dawowa a 1826, ta kudu ya shigo. Ya haye Kwara a yankin Busa, ya ratsa ƙasar Nufe, ya biyo ta Birnin Gwari zuwa Zariya da Kano. Turbar fatake ce ya bi, irin wadda ayarin goro ke bi tsakanin Kano da Gwanja. A wancan zamani taswira tana cikin kan madugu. Shi ya san zangon da ke da ruwa, da sarkin da ke karɓar garama, da dajin da ba a ratsawa sai ayari ya yi kauri. Jagaba yana gaba yana shinshino labari, domin turbar da ta yi lafiya bara tana iya zama mahallaka bana. Idan madugu ya kuskure, da kansa da dukiyarsa zai biya, shi ya sa ake jin maganarsa.

Mulkin Turawa ya sauya wannan tsari. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 ba tare da ya bi ta Birnin Gwari ba, fataucin jakuna ya soma ja da baya. Daga baya titin mota daga Kaduna zuwa Tegina ya mayar da garin zango a kan hanyar Ikko, ga kuma reshen da ya nufi Funtuwa. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. Wannan hani ne na sabon salo: an shata layi a takarda a ofis, manomi da maharbi da makiyayi suka wayi gari da iyakar da ba su suka sa ba.

Taswirar kowa da kowa

Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a Ingila a 2004, saboda taswirar hukuma a can tana da tsada da sharuɗɗa. Manufar ita ce kowa ya zana unguwarsu, kowa kuma ya ɗauka ya yi amfani. Babbar ƙa'idarsu ita ce abin da ke ƙasa shi ne hujja: a rubuta abin da wani zai iya zuwa ya gani da idonsa ya tabbatar. Girgizar ƙasar Haiti ta 2010 ta nuna ƙarfin tsarin, inda ɗaruruwan mutane daga nesa suka zana birnin Port-au-Prince cikin 'yan kwanaki daga hotunan tauraron ɗan'adam.

A arewacin Nijeriya yaƙi da cutar shan-inna ne ya kawo irin wannan aiki. Masu riga-kafi sun daɗe suna dogara da taswirar hannu, wadda take tsallake ƙauyuka da rugage. Da aka haɗa hotunan sama da ma'aikatan da ke taka ƙasa suna tambayar sunan kowace unguwa, sai wuraren da aka manta suka bayyana. Ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano tana cikin waɗanda suka yi aikin, ta kuma zuba bayanai a OpenStreetMap. Hoto ya nuna rufin ɗaki, amma sai da mutum ya je kafin a san sunan gari.

Shigowar kamfanoni

Kamfanin da ke kai kaya ko ɗaukar fasinja ya fi kowa buƙatar sanin inda aka hana juyawa, domin kuskure ɗaya a mahaɗa asarar mai ce da lokaci ga dubban direbobi. Wani bincike da Jennings Anderson da abokan aikinsa suka buga a 2019 ya bi diddigin kamfanoni goma masu ma'aikatan gyaran taswirar, cikinsu har da Apple, Amazon, Facebook, Microsoft da Grab. Yadda suke aiki a bayyane yake: mota mai kyamara ta ɗauki hotunan titi, kwamfuta ta tsamo allunan alama, ma'aikaci a wata ƙasa ya duba ya shigar da hanin.

Amfanin hakan ba abin musu ba ne, don aiki ne mai gajiyarwa da masu sa-kai ba su cika so ba. Sai dai ya zo da rigima. A 2018 masu taswira a Thailand sun koka cewa 'yan kwangilar Grab, daga nesa kuma da tsofaffin hotuna, suna goge abin da 'yan gari suka tabbatar da ƙafarsu. A shekarar ce gidauniyar OpenStreetMap ta amince da ƙa'idojin aikin ƙungiya: kamfani ya bayyana kansa da manufarsa, ya tuntuɓi masu taswirar wurin, ya amsa idan an yi masa tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hanin da ba shi da allo

A cikin Kaduna, wajen gadar Kawo ko shataletalen Mando, wannan dabara tana da abin kamawa, don akwai siminti a tsakiyar titi da mahaɗar da hoto zai nuna. Amma daga Mando aka miƙa yamma, ta Buruku da Udawa, tafiyar da ta haura kilomita 100 zuwa Birnin Gwari, hani mafi girma bai taɓa hawa allo ba. Shekaru da dama 'yan bindigar da suka yi sansani a dazukan Kamuku da Kuyambana suna tare hanyar suna sace matafiya. A Mayun 2018 sun kashe mutane fiye da 40 a ƙauyen Gwaska. Motoci suka koma tafiya a jere da rakiyar sojoji, kamar ayarin da. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta hana hawa babur na wata uku, aka kuma katse layukan waya a wasu sassan jihar, bayan an riga an rufe kasuwannin mako a yankin. A duk tsawon wannan lokaci, daga sama titin yana nan shimfiɗe, layi ne mafi gajarta tsakanin gari biyu.

Direbobin tasha su suka gaji madugu. Su ke sanin ƙarfe nawa ake tashi, da wurin da ba a tsayawa, da ranar da ya fi kyau a kwana a gida. Wannan sani ba ya shiga taswirar cikin sauƙi, saboda dalili biyu. Na farko, ya saɓa wa ƙa'idar tabbatarwa, tunda yana sauyawa tsakanin safiya da la'asar. Na biyu, taswirar a buɗe take ga kowa, kuma wanda ya rubuta hanyar da mutane ke zagayawa ya rubuta wa mai tare su ma.

Akwai kuma matsalar cire hani. A 2023 Google ya daina nuna wa masu fitowa daga filin jirgin Cape Town hanyar unguwar Nyanga, bayan an kai wa baƙi hare-hare. Irin wannan mataki yana ceton rai, amma yana iya yanke wa gari kasuwa har bayan lamari ya lafa. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe, manyan motoci suka dawo hanya. Da wani ma'aikaci a wata nahiya ya rufe titin a taswira, wa zai sanar da shi ya buɗe? Idan kuma sulhu ya tangaɗa, wa zai ce masa ya sake rufewa kafin motar safe ta tashi?

Saboda haka kamfani ya zana titi daga sama, ya shigar da allon da kyamara ta gani, wannan taimako ne da ya cancanci godiya. Hukuncin cewa a bi ko kada a bi kuwa, tun zamanin Bello yana hannun waɗanda za su ɗanɗana sakamakonsa, kuma taswirar ba za ta amfani Birnin Gwari ba sai ɗalibanta da direbobinta suna cikin masu gyara ta. Kafin nan, baƙon da wayarsa ta nuna masa gajeriyar hanya ya tsaya a tashar Mando ya yi tambaya. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.