Daga Ciyawar Bakin Nilu zuwa Jakar Jini: Tarihin Magungunan da Haske ke Tayarwa

Akwai magungunan da ba sa aiki sai haske ya sauka a kansu. Mafi daɗewa a cikinsu shi ne soralen, sinadarin da ke cikin wata ciyawa mai suna Ammi majus da ke tsirowa a kwarin Nilu. Tun zamanin da, masu magani a Masar kan ba masu fararen tabo a fata 'ya'yan ciyawar, sannan su sa su zauna a rana domin launin fatar ya dawo.

A 1947 Fahmy da Abu-Shady suka tace sinadarin a Alƙahira, shi ne ake kira 8-MOP, kuma a 1948 likitan fata El-Mofty ya fara jinya da shi. Daga baya aka gano sirrinsa: yakan kutsa tsakanin igiyoyin DNA biyu ya lafe, da zarar hasken UVA ya taɓa shi sai ya ɗaure su, ƙwayar halittar da ke ɗauke da su ta kasa hayayyafa. A kan wannan ne Parrish da Fitzpatrick na Jami'ar Harvard suka gina jinyar PUVA a 1974, domin cutar fata ta soriyasis.

A 1987 Richard Edelson ya ɗauke aikin daga kan fata zuwa cikin jini. Na'ura takan zuƙo jinin majiyyaci, ta ware fararen ƙwayoyi, a haska su tare da maganin, a mayar masa. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da dabarar a 1988 don wani nau'in sankarar fata.

Daga shekarun 1990 aka juya ta kan babbar matsalar dashen ɓargo. Fararen ƙwayoyin mai bayarwa sukan ɗauki jikin da suka shiga a matsayin abokin gaba, su far wa fata da hanta da hanji. Ƙwayoyin da aka haska kaɗan ne, amma mutuwarsu a cikin jiki takan kwantar da wannan farmaki ba tare da rushe garkuwar jiki gaba ɗaya ba, abin da ke da muhimmanci ga wanda magungunan sitiroyid suka gaza a kansa.

Irin wannan farmaki kan biyo bayan ƙarin jini ma. Ba kasafai yake aukuwa ba, amma yana kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ya kama, kuma haɗarin ya fi yawa idan jinin na ɗan'uwa ne na kusa. An daɗe ana kare shi ta hanyar haska jakar jini da tururin gama. A 2002 Turai ta amince da tsarin INTERCEPT, mai amfani da wani soralen da ake kira amotosalen, Amurka ta biyo baya a 2014. Tsarin Mirasol kuwa bitamin B2 yake amfani da shi. Dukansu suna naƙasa fararen ƙwayoyi tare da ƙwayoyin cuta tun a cikin jaka, kafin a ɗaura wa majiyyaci.