Daga Nikiya zuwa Katsina: tarihin kalmar da babu ita a Littafi Mai Tsarki

A shekarar 1711 wasu baƙi biyu suka iso birnin Katsina ta hanyar Fazzan da Agadas. Limaman Katolika ne na ƙungiyar Faransiskan, Fada Carlo Maria na Janowa da abokin tafiyarsa Fada Severino. Sun baro Tarabulus a 1710 saboda labarin da ya kai Turai cewa akwai Kiristoci a ƙasar Kwararrafa. Ba su kai can ba. Rashin lafiya ta kwantar da su a Katsina, a nan kuma suka cika. Sai bayan shekara 312, a 2023, Fafaroma Francis ya ba Katsina dayosis nata na kanta, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko.

Abin da ya haɗa limaman 1711 da bishop na 2023 shi ne shaidar bangaskiya ta Nikiya, wadda ake karantawa a sujadar Lahadi, kuma Katolika da Angilikan da mafi yawan majami'un Furotestan suka yarda da ita. A tsakiyarta akwai wata kalmar Girkanci, homo'usiyos, ma'ana Yesu da Uba zatinsu ɗaya ne. Kalmar ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, haka ma kalmar Triniti. Masu muhawarar addini a Arewa sukan ɗauki wannan a matsayin sirrin da suka tono. Tarihi ya nuna Kiristoci ne suka fara tayar da maganar a tsakaninsu, kuma a nahiyar Afirka, ƙarnuka kafin zuwan Musulunci.

Rigimar Iskandariyya

Tertuliyan, malamin birnin Kartaj a Tunisiya ta yau, shi ne aka fara sani da amfani da kalmar Triniti a Latin, a farkon ƙarni na 3. Wajen shekarar 318 wani limami a Iskandariyya mai suna Ariyus ya fito yana koyar da cewa Ɗan yana da mafari, Uba ne ya samar da shi, don haka bai kai Uba ba. Da nassi ya kafa hujja. Ya dogara da irin Yahaya 14:28, inda Yesu ya fifita Uba a kan kansa, da Markus 13:32, inda aka keɓe wa Uba sanin ranar ƙarshe, da Karin Magana 8:22, wadda a fassarar Girkanci ta siffanta Hikima da abin halitta.

Bishop ɗinsa Iskandar da matashin mataimakinsa Atanasiyus su ma da nassi suka ba shi amsa: farkon Bisharar Yahaya da ke danganta allahntaka ga Kalma, da Yahaya 20:28 inda Toma ya kira Yesu da sunan Allah, da Matiyu 28:19 da ke haɗa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a wajen baftisma. Littafi ɗaya ne a hannun kowa. Saɓanin yana wajen zaɓen ayoyin da za su zama ma'auni, da waɗanda za a fassara a ƙarƙashinsu.

Da rigimar ta yi tsami, Sarkin Rum Konstantin ya tara bishop-bishop a Nikiya, garin Iznik na Turkiyya a yau, a 325. Atanasiyus ya bayyana daga baya cewa mahalarta sun so su tsaya a kan lafuzzan nassi kaɗai, sai suka lura duk lafazin da suka kawo mutanen Ariyus kan karɓe shi, su ba shi tasu ma'ana. Shi ya sa aka ɗauko kalma daga waje don a toshe ƙofar. Bishop biyu ne kawai suka ƙi sa hannu, Sekundus da Tiyonas, dukansu daga Libiya, ƙasar da limaman Katsina za su taso daga cikinta bayan ƙarni goma sha huɗu.

Sa hannun bai kashe wutar ba. Shekaru fiye da hamsin aka yi ana ja-in-ja, kuma babban ƙorafin masu adawa shi ne kalmar ba ta nassi ba ce. Sarakuna sun sha sauya ɓangare, har sau biyar aka kori Atanasiyus daga kujerarsa, kafin taron Kustantiniya na 381 ya tabbatar da matsayar. Wani abin lura kuma: jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda aka san su yau ya fara bayyana cikakke ne a wasiƙar Atanasiyus ta 367, shekara 42 bayan Nikiya. Ana karanta littattafan tun da daɗewa, amma tsayar da iyakar nassi da tsayar da aƙida tare suka yi tafiya.

Ayar da ta shigo daga baya

Ƙarnuka da dama ana kafa hujja da wani sashe na 1 Yahaya 5:7, wanda ya ambaci ukun a jere ya ce ɗaya ne. Da Erasmus ya buga Sabon Alkawari na Girkanci a 1516 bai sa shi ba, domin bai same shi a rubuce-rubucen hannun da ke gabansa ba. Aka yi masa ca, ya shigar da shi a bugu na uku a 1522, daga nan ya kai ga fassarar Sarki James ta 1611. Mafi yawan fassarorin zamani sun cire shi ko sun mayar da shi ƙasan shafi. Wannan hujja takobi ce mai kaifi biyu. Ayar da ta fi kowace fitowa fili ƙari ce. Amma malaman Girkanci da suka kare Nikiya ba su taɓa jawo ta ba, don haka ba a kanta aka gina aƙidar ba.

Yadda tambayar ta zo ƙasar Hausa

A tsakiyar ƙarni na 19 wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya tattara abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa, ya ba shi matsayin da hukuma ta ga ya wuce iyaka. Aka kashe shi a Kano, almajiransa da ake kira Isawa suka watse zuwa ƙasar Ningi da Zazzau. Ba su da Littafi Mai Tsarki, ba su kuma bar tauhidi ba. Wajen 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka haɗu da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya. Waɗanda suka karɓi baftisma suka zauna a Gimi har ciwon barci ya tarwatsa garin, ragowar suka zama wani ɓangare na al'ummar Wusasa. Wasu Isawan kuwa suka ci gaba da girmama Isa ba tare da shiga coci ba.

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, mishan ɗin SIM ya karɓi kula da asibitin kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina. Tun daga lokacin Bahaushe ke iya buɗe littafin da harshensa ya duba da kansa. Kalmomin da zai tarar, Allah da Almasihu da annabi da sama da wuta, duk sun riga sun ɗauki ma'ana a makarantar allo. Shi ya sa furucin Ɗan Allah, wanda Kirista ke nufin dangantaka ta tun azal da shi, kan faɗa kunnen maƙwabcinsa Musulmi a matsayin haihuwa irin ta mutane, abin da aƙidar Nikiya kanta ba ta faɗa ba.

Amsar tambayar ta rataya a kan abin da ake nufi da dacewa. In lafazi ake nema, babu shi, kuma waɗanda suka tsara aƙidar ba su yi iƙirarin akwai shi ba. In ma'ana ake nema, mafi rinjayen Kiristoci sun tafi a kan cewa kalmar shinge ce da ke tsare abin da ayoyin suka faɗa in an haɗa su, yayin da tsiraru, daga Ariyus har zuwa Shaidun Jehobah na yau, ke ganin shingen ya shiga gonar. Wanda ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi a zaure ya san irin wannan aiki, domin lafazin wajibul wujudi bai zo a Alƙur'ani ba, malaman tauhidi ne suka tsara shi don kare abin da suka fahimta. Misalin bai mayar da aƙidun biyu ɗaya ba. Yana dai nuna cewa mai son muhawara ta gaskiya da maƙwabcinsa a Katsina sai ya wuce tambayar ina kalmar take, ya zauna a kan ayoyin ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka yi a Iskandariyya shekaru 1,700 da suka wuce.